William Fowler, Mai Auna Wutar Cikin Taurari

William Alfred Fowler masanin fiziks ne ɗan Amurka, yana cikin mutanen da suka kafa fannin binciken yadda taurari ke ƙera sinadarai a cikinsu. An haife shi a Pittsburgh ranar 9 ga Agusta 1911, ya tashi a garin Lima na jihar Ohio. Ya yi digirin farko a Jami'ar Jihar Ohio a 1933, sannan ya wuce Caltech a Kalifoniya, inda ya kammala digirin digirgir a 1936 a hannun Charles Lauritsen. Ɗakin gwaje-gwaje na Kellogg da ke can shi ya zama gidansa na aiki har tsufansa. Ya rasu a Pasadena ranar 14 ga Maris 1995.

Kafin aikinsa, cewa taurari ne ke samar da kabon da oksijin da ƙarfe magana ce ta lissafi a takarda. Ba wanda zai iya shiga cikin rana ya gani da idonsa. Abin da Fowler da abokansa suka yi shi ne harba ƙwayoyin zarra da na'ura don su yi karo da juna, su auna sau nawa suke haɗewa, sannan su lissafa yadda abin zai kasance a irin zafin cikin tauraro. Aiki ne mai cin rai, domin a ƙarfin da ya dace da taurari da wuya ƙwayoyin ke haɗewa, sai a yi ta jira. A ganina darajarsa a nan take: ya mai da hasashe abin da ake iya gwadawa, a gaskata ko a ƙaryata.

A 1953 Fred Hoyle na Kembirij ya zo Kellogg da wata magana mai ban mamaki. Ya ce dole cibiyar kabon ta kasance da wani matakin ƙarfi da ba a tabbatar da shi ba, in ba haka ba ƙwayoyin hiliyam guda uku ba za su haɗu su ba da yawan kabon da ake gani a duniya ba. Fowler ya yi shakka da farko. Ward Whaling da tawagarsa suka auna, suka tarar da matakin kusan daidai inda Hoyle ya nuna. Wannan ya juya akalar Fowler baki ɗaya. Ya tafi Kembirij a 1954, ya haɗu da Margaret Burbidge da mijinta Geoffrey, kuma a 1957 su huɗu har da Hoyle suka fitar da maƙala mai shafi fiye da 100 da ta zayyana hanyoyin da taurari ke bi su gina sinadarai masu nauyi. A shekarar kuma Alastair Cameron ya kai ga kusan sakamako ɗaya shi kaɗai a Kanada.

Da aka ba Fowler kyautar Nobel a 1983 tare da Subrahmanyan Chandrasekhar, ba a sa Hoyle ba, mutane da yawa suka ce an ba mai awo abin da ya kamaci mai tunani. Ƙorafin yana da tushe. Hoyle ne ya shimfiɗa ra'ayin tun a 1946, ya faɗaɗa shi a 1954, kuma Fowler da kansa ya sha faɗin haka. Ni ma ina ganin an tauye Hoyle. Wasu ma na ƙarawa da cewa sunan Fowler ba ya kan awon 1953. Gaskiya ne, amma awon farko ya nuna matakin yana nan ne kawai. Gwajin da Fowler ya yi da wani abokin aikinsa Cook da Lauritsen uba da ɗa, wanda ya fito a 1957, shi ya nuna cewa kabon a wannan mataki yana iya tarwatsewa zuwa hiliyam, wato ta wannan ƙofa ake iya gina shi. Tauye Hoyle laifin masu rabon kyauta ne, ba ya rage wa wannan aiki komai.

Akwai kuma abin da ba ya jan hankalin jarida. Daga 1967, shi da Georgeanne Caughlan da Barbara Zimmerman suka riƙa wallafa jadawalin saurin haɗuwar ƙwayoyin zarra, waɗanda masu kwaikwayon rayuwar taurari a kwamfuta suka dogara da su shekaru da dama. Shi ne kuma ya gayyato John Bahcall zuwa Caltech a 1962, inda Bahcall ya kama lissafin ƙwayoyin nutirino da rana ke fitarwa, lissafin da Raymond Davis ya shiga mahaƙar zinariya ta Homestake a Dakota ta Kudu don ya gwada.