Hoton Ayod na 1993: Abin da Mai Ɗaukar Hoto Ya Bari a Waje

Maƙasudin wannan takarda shi ne a sake duba wani hoto guda da ya daɗe yana jawo gardama tsakanin ma'aikatan jarida, watau wanda Kevin Carter, mutumin Afirka ta Kudu, ya ɗauka a garin Ayod cikin watan Maris 1993. A lokacin Ayod tana kudancin Sudan, amma tun 2011 ta faɗa cikin ƙasar Sudan ta Kudu.

Abin da ke cikin hoton ba shi da yawa. Wani yaro ne da yunwa ta ƙanjame ya kifa goshinsa a ƙasa, ga ungulu tsaye a bayansa. Jaridar New York Times ta buga shi ran 26 ga Maris, a kan cewa yarinya ce. Masu karatu suka dami jaridar da tambayar abin da ya sami yarinyar, har ran 30 ga wata edita ya amsa cewa ta samu ta ci gaba da tafiya, amma ba a san ko ta isa wurin rabon abinci ba. Carter da bakinsa ya ce ya jira wajen minti 20 ko ungulun za ta buɗe fukafukanta, sa'an nan ya kore ta. Wannan jira shi ne aka riƙe, aka yi ta zarginsa da rashin imani.

A watan Afrilu 1994 aka ba shi kyautar Pulitzer, ran 27 ga Yuli kuwa ya kashe kansa yana da shekara 33. Masu ɗora mutuwarsa a kan hoton kaɗai sun yi gaggawa, domin bashi ya yi masa katutu, kuma a cikin Afrilun nan aka harbe amininsa Ken Oosterbroek a Thokoza.

A ganina, tambayar ko ya taimaki yaron ko bai taimaka ba ta danne wata wadda ta fi ta nauyi ga mai nazarin tarihi. Duk mai ɗaukar hoto zaɓe yake yi: ya shigar da wannan, ya bar wancan a waje. To, mene ne aka bari a waje a Ayod? Wanda ya dubi hoton zai ɗauka yaron shi kaɗai ne a dokar daji, alhali kuwa wurin rabon abinci yana kusa. João Silva, abokin tafiyar Carter, ya ba da labarin cewa iyaye sun ajiye 'ya'yansu ne na ɗan lokaci, suka tafi karɓar abincin da jirgin agaji ya kawo. A 2011 jaridar El Mundo ta Sifen ta bi sawun labarin, ta gano cewa namiji ne, kuma akwai alamar masu ba da agaji ɗaure a hannunsa. Mahaifinsa ya ce ya tsira daga yunwar, zazzaɓi ne ya yi ajalinsa bayan shekaru.

Har ila yau, babu bindiga ko ɗaya a cikin hoton, ga shi kuwa bindiga ce ta kawo yunwar. A 1991 ƙungiyar SPLA ta dare biyu tsakanin John Garang da Riek Machar, yaƙin da ya biyo baya ya raba mutanen Ayod da Kongor da Waat da shanunsu da gonakinsu. Ungulu dai kowa ya san ta, ba ta da jam'iyya, don haka mai karatu a Amurka yana iya tausaya wa yaron ba tare da ya tambayi wanda ya kore shi daga gida ba.

A nan ne nake ganin nauyin ya tashi daga kan Carter shi kaɗai ya hau kan editocin da suka yi ta sake buga hoton a ƙasashe. Shi minti 20 ya samu. Su kuwa suna da lokacin bincike, amma sai da aka shekara 18 kafin wani ɗan jarida ya je ya tambayi mahaifin yaron.