Asalin Kalma: Alƙalin Wasa

Kalmar alƙali aro ce daga Larabci, inda harafin lodi ya koma lam a bakin malamanmu, kamar yadda ya faru ga alwala da lalura. Kuma asalinta laƙabin masanin fiƙihu ne wanda ba ya yanke hukunci sai ya saurari shaidu. Da ƙwallon ƙafa ya shigo, sai aka ɗora wa mai busa usur wannan suna mai nauyi, ko da yake samarin gidan kallo rafali suke cewa. Sai dai ba kullum mai sunan yake adalci ba: a gasar kofin Afirka ta Kamaru, cikin Janairun 2022, da alƙali ya busa usur ɗin tashi a wasan Mali da Tunisiya a minti na 85, magoya bayan Tunisiya, waɗanda ake ci ɗaya da nema, suka kira abin zalunci, kuma a ganina suna da hujja.