Hanyar rezolushan a ilimin mantiƙi

Rezolushan wata ƙa'ida ce ta kafa hujja a mantiƙin jimloli, wato reshen mantiƙi da ke nazarin maganganun da kan zama gaskiya ko ƙarya. Ana amfani da ita wajen gano ko wani sakamako ya biyo bayan sharuɗɗan da aka bayar.

Tarihi

Martin Davis da Hilary Putnam sun yi aiki da ƙa'idar a shekarar 1960. A 1965 John Alan Robinson ya faɗaɗa ta, ya mai da ita abin da kwamfuta za ta iya bi. A kanta aka gina harshen kwamfuta na Prolog a birnin Marseille na ƙasar Faransa a 1972.

Ƙa'ida

Ana rubuta kowace jimla a matsayin gaɓa ɗaya ko fiye, gaɓa kuwa ita ce haruffan da aka haɗa da "ko" (∨). Alamar ¬ tana nufin korewa. Idan wata gaɓa tana da A, wata kuma tana da ¬A, sai a soke su, a haɗa ragowar. Don tabbatar da sakamako, ana kore shi a ƙara a cikin sharuɗɗan. Idan aka kai ga gaɓar da ba kome a cikinta, korewar ta ci karo da sharuɗɗan, sakamakon ya tabbata.

Misali

A: an saki ruwa daga madatsar Tiga. B: Kogin Haɗeja ya cika. C: fadama ta sha ruwa. Sharuɗɗan su ne: in A to B, in B to C, kuma A ta auku. Ana son tabbatar da C.

1. ¬A ∨ B
2. ¬B ∨ C
3. A
4. ¬C
5. B, daga 1 da 3
6. C, daga 2 da 5
7. Babu kome, daga 4 da 6

Kuskuren masu koyo

Ba a soke haruffa biyu a mataki ɗaya. Wanda ya yi haka da A ∨ B da ¬A ∨ ¬B zai ɗauka akwai saɓani, alhali duka biyun gaskiya ne idan A gaskiya ce, B kuma ƙarya.

Iyaka

Hanyar takan gano saɓani muddin akwai shi, sai dai matakan kan yi yawa. A 1985 Armin Haken ya nuna cewa akwai jimlolin da tsawon hujjarsu ke ta ninkuwa yayin da suke girma.