Illo da Bagudo: Ƙasar Mashigi a Bakin Kwara

Idan aka ambaci abubuwan da ke jawo baƙi zuwa Jihar Kebbi, galibi abin da ke fara zuwa a zuciya shi ne bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan a 1934, sai hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu, sai kuma bikin Uhola na ƙasar Zuru. Ba safai ake tunawa da Bagudo ba, domin taswira ta ajiye ta a lungu, can yamma inda Nijeriya ta ƙare, Jamhuriyar Benin ta fara. Makasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa wannan zaman lungu sabon abu ne, bai kai shekara 130 ba. Kafin nan ƙasar nan mashigi ce da ruwa da hanya da al'ummomi suke gamuwa a cikinta, kuma abin kallon da ke cikinta a yau, wato kogi da harsuna da kasuwanni, duk saura ne na wancan matsayi.

Dole a fara da kogi. Kwara ta taso daga tsaunukan Gini, ta ratsa Mali da Nijar, ta yi iyaka tsakanin Nijar da Benin, sa'an nan ta shigo Nijeriya ta wajen Lolo. Ta raba ƙaramar hukumar Bagudo gida biyu: garin Bagudo yana hagu da ruwa, Illo da Ka'oje da Tsamiya suna dama. Ba nisa da garin Bagudo kuma Gulbin Kabi, wanda ya kwaso ruwan Sakkwato da Rima da Zamfara, ya zuba a cikinta. Wani abin sha'awa game da Kwara a nan shi ne sau biyu take cika a shekara. Cikar farko ta ruwan damina ce na kusa, tana zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwan kuwa gurɓatacce ne saboda laka, shi ya sa masana ke kiransa farin ruwa. Ta biyu ruwan Gini ne da ya daɗe yana yawo a fadamun Masina, lakarsa ta kwanta, bai iso nan ba sai cikin hunturu, shi ne baƙin ruwa. Wato a daidai lokacin da gulaben ƙasar Hausa suke ƙafewa, Kwara tana batse. A kan wannan ne noman shinkafa na fadama da su na Sarkawa da kiwon Fulani suka dogara, kuma shi ne ya sa jirage ke iya tafiya da kaya a cikin rani, lokacin da fatake suke kan hanya. Kogin yana da ɓarnarsa, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a wannan yanki.

Dangane da mutanen ƙasar kuwa, da wuya a sami wuri ƙarami a Arewa da ya tara iyalan harsuna kamar nan. Akwai Kyangawa, waɗanda ake ɗauka suna daga cikin mazauna na farko, da Busawa da masu jin Boko. Harsunansu duka na iyalin Mande ne, danginsu na nesa suna Mali da Gini. Akwai Dandawa da Zabarmawa, masu harshen iyalin Songhai. Akwai Fulani, musamman a Ka'oje, ga kuma Hausawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan harsuna shaida ne na wani zamani. Abin takaici shi ne Kyanganci ya ja baya ƙwarai, yawancin 'ya'yansa sun koma Hausa ko Dandanci.

Tarihin sarautar Illo yana haɗe da na Bargu. Bisa ga labarin Kisira, wanda ake bayarwa ta fuskoki da dama, wani sarki ne ya taso daga gabas da jama'arsa saboda ya ƙi karɓar Musulunci. Wata ruwaya ta ce a Illo suka ƙetare Kwara tana 'yar ƙorama, da suka haye sai ta buɗe ta tare masu binsu. Daga zuriyarsa ne 'yan'uwa uku suka kafa Busa da Nikki da Illo. Ba lalle ne mai nazarin tarihi ya karɓi labarin a kan zahirinsa ba, amma akwai abu biyu da ya tabbatar: cewa gidajen sarautun nan uku sun ɗauki kansu gida ɗaya, da kuma cewa a tunanin Bargawa Illo ita ce ƙofar shiga. Bikin Gani da garuruwan Bargu ke yi a watan Rabi'ul Awwal, wanda na Nikki ya fi shahara, lokaci ne na jaddada wannan zumunci da mubaya'a ga sarki. A cikin wannan wata ne kuma ake Sallar Gani a Daura.

Daga arewa maso yamma tasirin Songhai ya gangaro. Littafin Tarikh al-Sudan ya kawo labarin yaƙin da Askiya Muhammadu ya kai Bargu wajen 1505, inda ya yi hasarar mayaƙa masu yawa, da kuma tawayen da Kanta na Kabi ya yi masa wajen 1516. Bayan da sojojin Maroko suka karya Songhai a Tondibi a 1591, Askiya Nuhu ya janye zuwa Dandi ya ci gaba da turjiya daga can. Sunan Dandi kansa ana fassara shi da bin ruwa zuwa gangare. Ke nan ƙasar Illo ta zauna a inda iyakokin Songhai da Kabi da Bargu suka haɗu, ba tare da ɗayansu ya haɗiye ta gaba ɗaya ba.

To, abin da ya fi ba ta suna a wurin Hausawa shi ne fataucin goro. Ayarin da ya tashi daga Kano ko Sakkwato zuwa Gwanja tilas ne ya ƙetare Kwara, mashigai kuwa ƙididdigaggu ne. Wasu madugai sukan bi ta Yawuri ko Busa su faɗa Nikki. Wasu kuma sukan biyo ta Jega, su yi fito a wajen Illo, su bi ta Kandi da Zugu har Salaga. Suna tafiya da kanwa da tufafin Kano da kayan fata da dabbobi, su komo da goro. Gishirin Foga, wanda ake dafawa a kwarin da ke kusa da Gaya, shi ma ta nan yake gangarawa kudu. Sarki yana karɓar kuɗin fito da gaisuwar madugu, masu jirage suna samun ladarsu, masu masauki a zango suna cin ribar dillanci. Ta wannan hanya ce Dandanci ya zama harshen kasuwa a Kandi da Paraku da Zugu, Musulunci kuma ya zauna a unguwannin baƙi tun kafin ya shiga fada.

Jihadin 1804 ya kawo ikon Gwandu har bakin kogi, amma bai ci Bargu ba. Daga 1849 kuma, da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabi, Dandi da Zabarma da Arewa suka mara masa, ikon Gwandu a yamma ya yi rauni, hanyoyi suka riƙa buɗewa suna rufewa gwargwadon yaƙi da sulhu.

A haka Turawa suka tarar da ƙasar. Mungo Park ya wuce ta nan cikin jirgi kafin ya halaka a Busa a 1806. Amma rigimar gaske ta ƙarshen ƙarni ce. Faransa tana son tashar jirgi a Kwara ƙasa da duwatsun Busa, inda za ta iya fita teku. Kamfanin Neja na Ingila kuwa yana son ya hana ta. A Nuwamban 1894 Lugga ya riga Kyaftin Decoeur isa Nikki da 'yan kwanaki ya ƙulla yarjejeniya. A 1897 Faransawa suka girke sojoji a Illo da Busa, har aka yi zaton ƙasashen biyu za su gwabza. Aka sasanta a Faris ranar 14 ga Yuni, 1898. Yarjejeniyar ta bar wa Faransa Nikki, ta bar wa Ingila Busa da Illo, ta kuma ƙayyade cewa iyaka za ta taɓa kogi mil 10 sama da Giris, wato tashar jiragen Illo. Wata yarjejeniya ta 1906 ta ƙara fayyace layin. Ya kamata a lura cewa da tashar Illo aka auna iyakar, abin da ke nuna darajarta a idon masu rabon, alhali iyakar nan ita ce ta rage mata darajar. Daɗin daɗawa, cikin shekarun farko na mulkinsu Ingilishi suka cire Illo daga Bargu suka haɗa ta da masarautar Gwandu, inda take har yau. Sa'an nan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin teku da dogo ta Ikko, ayarin jakai ya mutu. Daga cikin 'yan'uwan nan uku, Nikki ta tafi Dahomi, wadda ta zama Benin a 1975. Tsohuwar Busa ta nutse a tafkin Kainji a 1968. Illo ta zama gunduma a bakin iyaka, a Jihar Sakkwato, daga 1991 kuma a Jihar Kebbi.

Duk da haka iyakar ba ta raba jama'a ba. Mai jin Boko na ƙasar Illo da na Segbana harshensu ɗaya, Dandawan Lolo da na Madekali suna auratayya suna cin kasuwannin juna, naira da sefa suna gudana tare. Abin da aka sani da fatauci a dā, wani sashensa yanzu sunansa fasa-ƙwauri. Gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokin ƙasa a 1984, ta sake rufe su a Agustan 2019 musamman saboda shinkafar waje, kuma kowane karo mutanen bakin iyaka ne suka fara jin jiki. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka toshe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya. Fasinja da ƙananan kaya suka koma fito cikin kwalekwale, wasu manyan motoci kuma suka karkato ta Segbana da Tsamiya, suna ratsa ƙasar Bagudo don su kai Kamba, kusan a kan sawun da madugan Gwanja suka bari.