Madarunfa ba tsibiri ba ce

A watan Nuwamban 1918 wani jirgin ruwa mai suna Talune ya tsaya a Apiya, babban birnin Samowa ta Yamma, ɗauke da masu fama da murar da ta addabi duniya a shekarar. Hukuma ta bari suka sauka. Cikin makonni kaɗan annobar ta kashe kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar. A maƙwabciyarta Samowa ta Amurka kuwa, gwamna John Poyer ya killace tashar jiragen ruwa, aka wanye lafiya, murar ba ta kashe ko mutum guda ba. Gatan tsibiri ke nan: ƙofarsa ɗaya ce, mai makulli ya san inda zai tsaya.

Madarunfa ta Nijar fa? Tafki gare ta, ba teku ba.

Ranar 5 ga Yulin 2018, damina ta kankama, aka kawo mutum uku 'yan gida ɗaya daga Jibiya ta jihar Katsina zuwa likitar Nyelwa da ke gundumar Madarunfa, suna amai da zawo. Babu wanda ya yi mamakin ganinsu. Ɗan Jibiya da ɗan Ɗan Isa ta ɓangaren Nijar kasuwarsu ɗaya, surukan juna ne, in ciwo ya tashi kuma ba a tambayar tutar da ke kafe a ƙofar asibiti. Cibiyar bincike ta CERMES a Yamai ta tabbatar kwalara ce, kuma a tsakiyar watan ma'aikatar lafiya ta sanar da ɓarkewarta. Zuwa farkon Oktoba waɗanda suka kamu a Nijar sun haura 3,600, kusan 70 sun rasu, gundumar Madarunfa ce ta fi jin jiki.

Abin da ya ceci rayuka ba shinge ba ne. Rumfunan jinya ne, da ƙarin ruwa, da ruwan gishiri da sukari, da zuba sinadari a ruwan sha, da masu bi gida-gida suna faɗakarwa. (Abin dariya, ita kanta wannan kwalarar daga tsibiri ta taso, Sulawesi na Indunusiya, a 1961, ta iso Afirka ta Yamma a 1970.)

Da korona ta zo a Maris ɗin 2020, Yamai ta gwada dabarar Poyer, ta rufe iyakokin ƙasa. Ta tarar Abuja ta riga ta garƙame nata tun Agustan 2019, saboda fasa-ƙwaurin shinkafa. Makulli biyu a ƙofa ɗaya, amma 'yan kabu-kabu suna ratsa gonakin hatsi ta ɓarauniyar hanya, buhu a gaba, fasinja a baya.