Turken Doki a Bakin Gulbi

Ƴan'uwa na gida da na ci-rani, mu tuna baya. Wajen kakanninmu, Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tibiri, doki kayan yaƙi ne. Zamanin Sarki Ɗan Baskore manomi ba ya nisa da birni don tsoron hari. Da Nasara suka zo, yaƙi ya ƙare, mutane suka bazu suka kafa ƙauyuka, doki ya samu turke a gidan manomi.

Da asuba yaro ya yanko ciyawa a fadama, maigida ya auna wa doki dawa da kanwa. Kare ya kori biri da rana, da dare ya tsare awaki daga kura. Agwagi na mata ne, kuɗinsu na gishiri da sabulu.

Ambaliyar 1945 ta ci tsohon Maraɗi, gari ya hau tudu. Farin 1973 da na 1984 suka sa muka sayar da dawaki, don mai yunwa ba ya ba doki dawa. Amma fadama ba ta yashe mu ba: ga zogalen Jiratawa.

Saboda haka duk ɗanmu da ke shirin sayar da gonar gado, dattawa su zaunar da shi tukuna.