Daga Ka Zuwa Takarda: Tarihin Mayafin Saƙa Mai Duwatsu

Gabatarwa

Duk wanda ya ga mayafin nan na ulu mai raga-raga, wanda ake jera wa ƙananan duwatsun gilashi a jikinsa, zai ɗauka cewa daɗaɗɗen abu ne da kakanni suka bar wa jikoki a yadda yake. Alhali kuwa abubuwa uku ne suka haɗu a cikinsa, kowanne da hanyar da ya biyo, wato saƙar ita kanta, da rubutaccen tsarin da masaƙiya take bi, sa'an nan da duwatsun. A wannan maƙala za mu bi sawun waɗannan abubuwa, musamman a tsibiran Shetland inda saƙar ta fi shahara, domin mu ga su wa suka ƙago wannan fasaha, su wa kuma suka ci moriyarta bayan da aka mayar da ita kan takarda.

Tsibiran Shetland da matansu

Shetland tarin tsibirai ne a can arewa da Sikotlan, babban garinsu shi ne Lerwick. A ƙarƙashin sarautar Norwe suke har zuwa shekarar 1469. Ƙasa ce mai iska da sanyi, ba itatuwa sai jefi-jefi, noma kuma ba ya ciyar da gida shi kaɗai. Saboda haka maza suka dogara ga teku, teku kuwa ba ta da amana. Alal misali, a watan Yulin 1881 guguwa ɗaya ta hallaka masunta 58, akasarinsu daga tsibirin Yell. A tsawon ƙarni na 19 mata sun rinjayi maza yawa ƙwarai a waɗannan tsibirai, gidaje da dama kuma mace ce ke riƙe da su. Abin da ke hannunta na neman kuɗi bai wuce tumaki da kibiyar saƙa ba.

To, sai aka yi dace tumakin nasu ƙanana ne masu laushin gashi. Mafi laushi shi ne na wajen wuya, kuma da hannu ake tuge shi a lokacin da tunkiya ta fara zubar da shi da kanta, ba a sa almakashi. Daga nan sai a taje shi, a kaɗa shi ya zama zare siriri kamar yanar gizo. Matan tsibirin Unst, wanda shi ne ƙarshen inda mutane ke zaune ta arewa a duk Birtaniya, su suka fi kowa suna a wannan kaɗi.

Ita saƙar, sirrinta ba shi da yawa in an faɗe shi da baki. Masaƙiya takan naɗa zare a kan kibiya ba tare da ta cusa shi a wani ido ba, wannan shi ke haifar da huda, ya kuma ƙara ido ɗaya. Sai ta haɗe idanu biyu su zama ɗaya a wani wuri domin lissafi ya daidaita. Inda aka ajiye hudar da inda aka yi haɗin, su ke fitar da zane. Sunayen zanen kuwa daga abin da ido ke gani kullum aka ɗauko su, akwai sawun igiyar ruwa, da idon tsuntsu, da tafin kyanwa, da kofaton doki. Idan an gama, mayafin yakan fito a cukurkuɗe ba kyan gani, sai an wanke shi, an turara shi da hayaƙin farar wuta don ya yi fari, an kuma ɗaure shi a jikin katako ya miƙe, sa'an nan zanen ya buɗe. Mafi kyawunsu yakan kai ƙafa shida a kowane gefe, nauyinsa bai fi oza biyu ko uku ba, har ana iya zare shi ta cikin zoben aure. Irin wannan yakan ci watanni, wani sa'in ma shekara. Abin lura a nan shi ne, duk wannan lissafi da ka ake riƙe shi. Yarinya takan koya daga uwarta, ko kuma ta ɗauki tsohon mayafi ta ƙura masa ido har ta gane yadda aka yi.

Kasuwa da cinikin shayi

Sana'ar ba ta bunƙasa ba sai daga wajejen 1840. A shekarar 1837 wani ɗan asalin Shetland, Arthur Anderson, wanda yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin jiragen ruwa na P&O, ya aika wa Sarauniya Biktoriya kyautar safa mai laushi ta saƙar tsibiran, ita kuwa ta yaba har ta nemi ƙari. Ba da daɗewa ba wani ɗan kasuwa na Oxford, Edward Standen, ya shiga kai wannan saƙa Ingila. Da aka yi babban baje kolin nan na Landan a 1851, an nuna saƙar Shetland a ciki, daga nan sai ta zama abin yayi ga matan attajirai.

Sai dai kuma yabon yana Landan, wahalar tana Lerwick. Masu kantuna a tsibiran ba su cika biyan masaƙa da kuɗi ba. Mace za ta kawo mayafin da ta yi makonni tana yi, sai a ƙiyasta shi, a ce ta ɗauki kaya a kanti, shayi ko yadi ko sabulu, a kan farashin da mai kanti ya yanka. In ba ta buƙatar komai a ranar sai a ba ta 'yar takardar shaida. Wadda ke neman garin abinci ko kuɗin haya, dole ta ɗauki shayin ta bi maƙwabta tana sayarwa da faɗuwa. Wato dai ba ni gishiri in ba ka manda, amma mai kanti ne kaɗai ke riƙe da mudu. A shekarar 1872 gwamnati ta tura wani lauya, William Guthrie, ya binciki lamarin, mata masu saƙa suka zo ɗaya bayan ɗaya suka ba da shaida, su kuma 'yan kasuwa suka kare kansu da cewa ribarsu tana cikin kayan kanti ne kawai. An ƙara tsaurara doka a 1887, amma al'adar ba ta mutu ba sai a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sojojin da aka girke a tsibiran suka riƙa sayen saƙa da kuɗi hannu. A ganinmu, rahoton nan na 1872 ya fi kowane mayafi da ke gidan tarihi daraja, domin a cikinsa ne aka rubuta sunayen masaƙan da maganganunsu. Mayafan kuwa, yawancinsu ba a san wadda ta saƙa su ba.

Shigowar takarda

A daidai lokacin da matan Shetland ke saƙa don neman abin kai wa baka, matan masu hali a biranen Birtaniya sun fara ɗaukar saƙa a matsayin abin ɗebe kewa. Su ba su da uwa ko kaka da za ta nuna musu, saboda haka suka nemi littafi. Wata mai kantin zare a Edinbara, Jane Gaugain, ta buga littafinta The Lady's Assistant a 1840, inda ta ƙago alamomi na haruffa da ke tsaya wa kowane motsin kibiya. Littafin ya sami karɓuwa, an yi ta sake buga shi. Wata kuma, Miss Lambert, ta fito da ma'aunin kaurin kibiya, saboda a lokacin kowane maƙeri da nasa awo. Ba a jima ba littattafan wannan zamani suka fara ɗauke da tsarin mayafi mai sunan Shetland.

Wajibi ne mu yi adalci a nan. Waɗannan littattafai cike suke da kurakurai, sau da yawa ba sa faɗin girman abin da za a samu, kuma sunan marubuciya ke bisa bango, ita ke karɓar kuɗin, ba a ambaci matan da suka ƙago zanen ba. Kazalika sunan tsibiran ya zama na kowa, har masu injin saƙa a garin Hucknall na Ingila suka shiga yin nasu mayafin suna sayarwa da sunan Shetland, a farashin da hannu ba zai iya gasa da shi ba. To amma fa, ba don takarda ba, da zane da yawa sun bi masu su kabari a lokacin da yayin mayafi ya wuce a farkon ƙarni na 20. Daga baya aka sami ci gaba mai muhimmanci, wato zana saƙa a cikin gidajen dara, kowane gida ido ɗaya, ta yadda masaƙiya za ta ga siffar zanen tun kafin ta fara. Littattafan Mary Thomas na 1938 da 1943, da na Barbara Walker na 1972, sun taimaka wajen yaɗa wannan hanya, sa'an nan Sharon Miller ta fito da Heirloom Knitting a 2002, wanda ya tattara zanen Shetland a wannan siga.

Duwatsu

Tsohon mayafin Shetland ba shi da dutse ko ɗaya, domin darajarsa a rashin nauyi take. Saƙa da duwatsu wata sana'a ce dabam da ta yi tashe a Turai a ƙarni na 18 da na 19, an kuma fi yin ta a kan 'yan jakunkunan kuɗi na mata. A nan kam takarda ta zama dole tun farko. Sai an zura dukkan duwatsun a zaren siliki kafin a fara, ana bin zanen daga ƙarshe zuwa farko, launi bayan launi. In aka tsallake dutse ɗaya, duk hoton zai karkace, sai an yanke zare an gyara. Duwatsun daga Benis ta Italiya da Bohemiya ta ƙasar Cek ake kawo su. Ba baƙi ba ne gare mu: da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, shekarar baje kolin Landan ke nan, ya lissafa duwatsun Benis cikin kayan Turai da ya tarar a kasuwa, waɗanda fatake suka ƙetaro Sahara da su.

Haɗuwar dutse da mayafi mai raga-raga ta yaɗu ne a ƙarshen ƙarni na 20 da farkon na 21, a hannun masu saƙa don sha'awa. An sami duwatsu masu daidaitaccen rami daga kamfanonin Japan irin su Miyuki da Toho, aka kuma sami dabara mai sauƙi: a ɗauki dutse da siririn kwarashi, a zura shi a kan idon da ake so, a mayar da idon bisa kibiya. Ba sauran zura ɗaruruwan duwatsu tun farko, ba sauran gogar zare har ya tsinke. A cikin gidajen dara kuwa alama ɗaya kawai aka ƙara. Masu yin haka suna son nauyin dutsen ne, don yana sa gefen mayafi ya sauka da kyau a kafaɗa. Mu kam muna ganin wani lokaci ana wuce gona da iri, har ƙyalli ya rufe zanen da aka sha wahalar fitarwa.

A can Shetland, hukumar tsibiran ta soke darasin saƙa a makarantun firamare a 2010 domin tsimin kuɗi. A wannan shekara ce kuma aka fara bikin makon ulu, wanda ke jawo masaƙa daga ƙasashe daban-daban zuwa Lerwick, da yawansu a takarda suka koyi zanen tsibiran. Bayan 'yan shekaru sai masu aikin sa-kai suka koma makarantun suna koya wa yara, hannu da hannu. Tsofaffin mayafan kuwa suna ajiye a gidan tarihi na Lerwick, wanda aka buɗe sabon gininsa a 2007, da kuma ƙaramin gidan tarihi na Haroldswick a tsibirin Unst.